Gani ya kori ji: yadda ake koya wa manya feshin maganin ƙwari ba tare da sun cutu ba



Wake ya fara fure. A kowane gari an fiddo fanfon feshi, ana neman maganin ƙwari a kasuwa. Masu garka su ma, da an shiga noman rani, za su fara fesa wa shu da tumati da albasa. Maganin nan yana ceton amfanin gona. Amma guba ne. Abin da ke kashe tsutsa yana iya kayar da mutum. Kowace shekara ana ɗauko mutane daga gona a kai su gidan likita, suna amai, suna zufa, ba su san inda kansu yake ba. Wasu suna warkewa. Wasu ba su komawa gida.

Darasin yau naku ne, ku da kuka iya karatu da rubutu. A garuruwa da yawa, ma'aikatar kare shuke-shuke tana ba wasu manoma horo kan feshi. Su ne ake kira birgadiye. Wataƙila gobe kai za a tura. Ko ba a tura ka ba, wata rana maƙwabcinka zai kawo maka kwalba ya ce: «Duba mini abin da aka rubuta a nan.» Daga ranar ka zama malami, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Yawancin masu feshi sun riga sun ji cewa magani guba ne. An faɗa a rediyo. Malamin gona ya faɗa. Duk da haka za ka ga mutum yana feshi ba takalmi, yana dama magani da hannu, goro a bakinsa. Ashe faɗa daban, koyarwa daban. To, yaya ake koya wa babban mutum har ya sake halin aikinsa? Abin da za mu duba ke nan.

MALAMAI BIYU

Mu ɗauki misali da gari biyu. Kowane gari ya tura saurayi guda ya yi horo.

Na farko ya dawo da littafi. Ya tara mutane da rana tsaka a ƙofar gidan mai gari. Ya tsaya tsaye, su suna zaune. Ya karanta musu dokoki 20, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce: «Abin da kuke yi duk kuskure ne.» Da ya gama ya ce: «Kun gane?» Kowa ya ce: «Mun gane.» Aka watse. Washegari kowa ya koma yadda ya saba.

Na biyu bai ɗauki littafi ba. Ya je wajen mai gari, ya nemi izini. Ya nemi wani dattijo da ya daɗe yana feshi, ya ce: «Baba, ina so ka taimake ni mu nuna wa jama'a wani abu a gonarka.» Da la'asar mutum 12 suka taru a bakin gonar. Ya kawo fanfo, da ruwa, da bula. Bai faɗi dokoki 20 ba. Abu 3 kawai aka yi a ranar, amma kowa ya taɓa fanfo da hannunsa. Bayan sati guda suka sake haɗuwa.

Wanne ne ya koyar? Dukansu sun san aikin. Amma na biyu ya san wani abu ƙari: ya san halin mutanen da yake koya wa.

BABBA BA YARO BA NE

Gemu ba ya hana ilimi. Amma mai gemu ba ya koyo kamar ɗan lakkol. Ka riƙe abubuwa 5.

1. Babba yana da abin da ya sani. Ya yi shekaru yana noma. Ya san iska, ya san ƙwari, ya ga wanda magani ya kayar. In ka raina saninsa, shi ma zai raina naka.

2. Babba yana gudun kunya. In ka gyara shi da tsawa gaban ƴaƴansa ko surukinsa, ba zai sake zuwa ba. In bai gane ba, ba zai faɗa ba. Zai ce «na gane» don a bar shi.

3. Babba yana da aiki. Gona na jira, bisashe na jira, kasuwa na jira. Zama mai tsawo yana korar mutane.

4. Babba yana son abin da zai amfane shi yau. Ka nuna masa yadda zai tsira da lafiyarsa, da ta iyalinsa, da kuɗinsa.

5. Babba ya fi riƙe abin da hannunsa ya yi. Abin da ya shiga ta kunne kaɗai, damuwar gida tana share shi.

Saboda haka kada mutane su wuce 15 a zama guda. Kada zama ya wuce awa guda da rabi. Ku zauna da'ira, kai ma ka zauna. A yi shi a gona ko a garka, da safe ko da la'asar, ban da ranar kasuwa. In kai yaro ne, ka kira kowa da sunan girmamawa: Baba, Kawu, Inna, Malam. Kuma ka raba darasin gida 4, ba ka juye shi rana guda ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. A 1989, a ƙasar Indonesiya, hukumar abinci da noma ta duniya, wato FAO, ta fara makarantar gona da manoman shinkafa. Ba aji, ba allo. Manoma wajen 25 suna haɗuwa kowane sati a gona guda, tun daga shuka har girbi. Suna dubawa da idonsu, suna gwadawa, suna shawara. Hanyar ta bazu a duniya, har ta zo ƙasarmu.

ZAMA NA 1: FARA DA TAMBAYA

Kada ka fara da doka. Fara da tambaya, sannan ka yi shiru ka saurara.

«Wa ya taɓa jin ciwon kai ko jiri bayan feshi?»
«Wa ya taɓa ganin wanda magani ya kayar? Me ya faru?»
«Ina ake ajiye magani a gida?»
«Me ake yi da bido in magani ya ƙare?»

Da farko za a yi shiru. Ka yi haƙuri. In dattijo guda ya buɗe baki, saura za su bi. Wani zai ce idonsa ya yi ja kwana biyu. Wani zai ce akuyarsa ta mutu bayan ta ci ganye. Kada ka ce wa kowa «laifinka ne». Ka ce: «Mun gode, Baba. To, jama'a, ta ina kuke jin maganin ya shiga jikinsa?»

Daga bakinsu amsa za ta fito. Kai aikinka ka tattara ta. Guba tana da ƙofa 3 a jikin mutum: fata, da baki, da hanci. Ido ma yana cikin haɗari. Mutane da yawa suna tsoron wari kaɗai. Suna zaton in sun toshe hanci sun tsira. Alhali wajen mai feshi, fata ce babbar ƙofa. Magani yana ratsa fata ko ba ciwo a jikinta, ya shiga jini. In ana zafi, mutum na zufa, ya fi saurin shiga.

Ka zana mutum a ƙasa da kara. Ka ba wani karan ya nuna ƙofofin da kansa. Kafin a tashi, ka roƙi mutum biyu su maimaita abin da aka gano. Ya isa na ranar.

ZAMA NA 2: GWAJIN BULA

Wannan zama shi ne zuciyar darasin. Mutum bai yarda magani na taɓa shi ba, don ba ya ganinsa. To, ka sa ya gani.

Ka wanke fanfo sarai da ruwa da sabuni. Ka cika shi da ruwa zalla, ka zuba bula ko shuni har ruwan ya yi duhu. Ba a sa maganin gaskiya a wajen koyo, ko ɗigo guda. Ka nemi wanda ya yarda ya gwada. A ɗaura masa tsofaffin fararen tsummoki ko farar takarda a ƙafafu, da hannuwa, da ƙirji, da baya. Ka ce masa: «Kawu, yi feshi yadda ka saba. Kada ka sake komai.»

Bari ya zuba ruwan a fanfo da kansa. Bari ya goya, ya bi kunya biyar ko shida. Sannan ya tsaya tsakiyar mutane, kowa ya duba.

Za a ga shuɗi a yatsunsa, tun daga wajen zubawa. Za a ga shuɗi a ƙwaurinsa, don ya ratsa ganyen da ya jiƙa. In fanfon na yoyo, za a ga shuɗi a bayansa. In ya share zufa, za a ga shuɗi a goshinsa. Za a yi dariya. Bari a yi. Sannan ka ce: «Da magani ne fa?» Ka yi shiru.

Yanzu ka tambaye su dabara. Su da kansu za su ce a duba iska, a rufe jiki, a gyara yoyo. Ka cika musu abin da ya rage:

A watsa ƙura sama, a ga inda iska ta nufa. A fara daga gefen gonar da iska ke nufa, a riƙa tafiya ana yanke iska, bakin fanfo yana gefen da iska za ta ɗauke feshin daga jikin mutum.

A yi feshi da sassafe ko da marece. Ban da rana tsaka, ban da iska mai ƙarfi, ban da lokacin da hadari ya taso.

A sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da hula, da takalmin roba mai rufe ƙafa. Ƙafar wando ta sauka bisa takalmi, kada a cusa ta ciki. A sa safar hannu ta roba. Ta ƙyalle ko ta fata tana shan magani ta riƙe shi a jikin hannu. A sa abin rufe hanci da baki, da tabarau.

Sai a sake gwajin da sabbin tsummoki, a bi waɗannan dabaru. A ajiye tsummokin farko da na biyu kusa da juna. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Gani ya kori ji. Ka bar tsummokin a rataye inda ake hira, su ci gaba da yin magana bayan ka tafi.

ZAMA NA 3: KOWA YA YI DA HANNUNSA

Lokacin aunawa da damawa ya fi kowane lokaci haɗari, don maganin da ke cikin kwalba ba a surka shi ba. Nan ma da ruwan bula za a koya.

Ka bi matakai 4. Ka yi sau guda suna kallo. Ka sake yi a hankali kana faɗin dalilin kowane abu. Wani ya yi, saura suna gaya masa abin da ke biye. Daga ƙarshe kowa ya yi shi kaɗai. Wanda bai taɓa ba, bai koya ba. In mutum ya yi kuskure, kada ka ƙwace fanfo daga hannunsa. Ka ce: «Madalla, ka sa safa daidai. Saura abu guda. Wa ya gan shi?»

Ga abin da hannu zai saba da shi. A dama magani a fili, nesa da rijiya da yara da bisashe. A auna da ma'aunin magani, ba da cokalin gida ba. A motsa da kara, ba da hannu ba. In bakin fanfo ya toshe, kada a busa da baki. A kwance shi a wanke da ruwa, a share da lallausan tsinken ciyawa. Ba ci, ba sha, ba goro, ba sigari, sai an wanke hannu da fuska da sabuni. In an gama, a yi wanka, a sake tufafi.

A nan ne karatunku zai yi rana. Ka kawo kwalaben da aka wanke aka huda, masu takarda a jiki. Yawancin takardun da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su. Amma akwai abin da kowa zai iya karantawa.

Na ɗaya, launi. A ƙasan takarda akwai zane mai launi. Ja: guba mai tsanani ƙwarai, ba na kowa ba ne. Ruwan ɗorawa: haɗari babba. Shuɗi: a yi hankali. Tsanwa: haɗarin ya fi sauƙi, amma shi ma magani ne. Hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu yana nufin mutuwa.

Na biyu, ƙananan hotuna. Suna nuna safa, da takalmi, da wanke hannu, da kulle magani. Ka ba kowa ya faɗi abin da ya gani a hoto kafin kai ka faɗa.

Na uku, lambobi. Akwai yawan maganin da za a sa a lita nawa na ruwa. Ƙara magani ba ya ƙara amfani. Yana cinye kuɗi, yana iya ƙone shuka, yana ƙara haɗari. Akwai kuma yawan kwanakin da za a jira kafin a tsinki amfani. Mai garka da ya fesa yau ya kai salati kasuwa gobe, gubar ya sayar wa jama'a.

Na huɗu, izini. Ƙasashen Sahel suna da ƙungiya mai suna CILSS, wadda aka kafa a 1973. A 1994 kwamitinta mai duba magungunan ƙwari ya fara aiki. Maganin da ya ba izini yana da lamba a takarda, a ƙarshenta an rubuta SAHEL. Baƙi 5 ne kawai. Ka rubuta su da girma a allo, kowa ya neme su a jikin kwalba. Magunguna da yawa na kasuwa ba su da wannan lamba. Wanda ake tsiyayawa a ƙananan kwalabe ba takarda, irin piya-piya, ba wanda ya san ƙarfinsa. In kana shakka, ka tambayi malamin gona kafin ka saya.

ZAMA NA 4: IN HAƊARI YA FARU

Ranar tashin hankali ba a tuna jawabi. Abin da jiki ya taɓa yi shi yake yi. Don haka a koyi wannan da wasan kwaikwayo.

Da farko a san alamomi: ciwon kai, jiri, zufa mai yawa, yawu na zuba, amai, ciwon ciki, gani dishi-dishi, tsokar jiki na rawa, numfashi da ƙyar. Wanda ya ji ɗaya daga ciki ya bar feshi nan take. Kada ya ce bari in ƙarasa kunyar nan.

Sai mutum guda ya yi kamar ya faɗi a gona. Mutum biyu su cece shi, saura su duba ko sun bi hanya:

1. A fidda shi daga wurin feshi, a kai shi inuwa mai iska. Mai ceto ya kare hannunsa.
2. A tuɓe masa tufafin da suka jiƙe.
3. A wanke jikinsa da ruwa mai yawa da sabuni.
4. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15.
5. Kada a ba shi nono ko mai. Kada a sa shi amai da ƙarfi. In ya suma, kada a ɗura masa komai. A kwantar da shi a gefensa.
6. A kai shi gidan likita maza-maza, tare da kwalbar ko takardarta. Akwai allurar da ke karya ƙarfin wasu magunguna, amma sai likita ya san wane magani ne.

A sake wasan sau biyu ko uku, ana sauya mutane. Kafin a tashi, a yanke shawara tun yau: amalanken wa ko babur ɗin wa za a ɗauka, kuma wa za a kira.

KADA A MANTA DA MATA

Sau da yawa maza ake tarawa, a bar mata. Wannan babban kuskure ne. Wa ke wanke tufafin feshi? Wa ke share ɗakin da aka ajiye magani? Wa ke ajiye wake? Mata da yawa kuma suna da garkarsu. A yi musu nasu zama, a lokacin da suka zaɓa, bayan daka da girki. In mace ce za ta jagoranta, ya fi, don za su fi sakin baki.

Abin da za a nuna musu da hannu: a wanke tufafin feshi daban da na gida. A kulle magani a akwati, nesa da abinci, inda yaro ba ya kaiwa. Kada a juye shi a kwalbar lemo, yaro ya ɗauka abin sha ne. Bidon da ya ƙare, a ɗauraye shi sau 3, a juye ruwan cikin fanfo, a huda shi. Ba a zuba masa ruwan sha, ko mai, ko nono, ko fura, komai wankin da aka yi masa. Mai ciki, da mai goyo, da yara, ba su feshi, ba su shiga gonar da aka fesa a ranar.

Ƙwayar da ake jefawa a buhun wake ita ma a yi maganarta. In ta ji danshi tana fidda iska mai kisa. Ba a ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin kwana.

Akwai hanyar ajiye wake ba magani. Tun 2007, masana na jami'ar Purdue ta Amurka, tare da ma'aikatar binciken noma ta ƙasarmu, INRAN, suka yaɗa buhun PICS. Buhu ne mai riɓi 3: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. In an ɗaure kowanne tam, iska ta ƙare, ƙwari su mutu. Ku lura da yadda aka koyar da shi. An shiga ƙauyuka, mutane suka kawo wakensu, aka ɗaure a gaban kowa. Bayan watanni aka sake taruwa, aka kwance a gaban kowa. Waken da ido ya gani lafiya, shi ya yi wa'azin. Ita ce hanyar gwajin bula.

IN SUKA CE...

Manya za su kawo hujja. Ka yi murna, alama ce suna tunani. Kada ka yi gardama. Ka amsa da gaskiya.

«Kayan nan zafi gare su.» Gaskiya ne. Shi ya sa ake feshi da sassafe ko da marece, kuma a riƙa hutawa.

«Ba mu da kuɗin safa da takalmi.» Ku yi lissafi tare a allo: kuɗin safa, da kuɗin mota zuwa gidan likita, da na magani, da kwanakin da gona za ta zauna ba mai aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar manoma na iya sayen kaya biyu ko uku, a riƙa ara, ana wankewa. Kafin a samu, tsohuwar doguwar riga da wando na feshi kaɗai sun fi jiki tsirara. Leda mai kauri a baya tana tare yoyon fanfo.

«Rawanina ya isa.» Ƙyalle yana tare ɗan yayyafi, amma ba ya tare tururin magani. In ya jiƙe, gubar ce ka manna a bakinka.

«Shekara goma ina yi, ban mutu ba.» Ka ce: «Baba, muna so ka ƙara wasu goman da lafiya.» Jiki ba ya sabawa da guba. Wasu magunguna, in ana feshi kwana da kwanaki a jere, illarsu taruwa take yi, har ranar da kaɗan zai kayar da mutum.

«Ina shan nono bayan feshi.» Nono abinci ne mai kyau, amma ba ya karya guba. Sabuni da ruwa su ne abokan mai feshi.

YADDA ZA KA SAN KO KA KOYAR

«Kun gane?» ba ita ce tambaya ba. Ka ce: «Nuna mini.» Bayan sati biyu ka zaga gonaki da safe. Ka duba da idonka. Mutum nawa suka sa dogon wando? Bido nawa aka huda? Har yanzu akwai magani ƙarƙashin gado? Ka rubuta lissafin a littafinka, ka nuna wa malamin gona.

Wanda ya gyara, ka yaba masa gaban jama'a. Wanda bai gyara ba, ka same shi shi kaɗai, ka tambayi abin da ya hana shi. Kowace shekara, kafin lokacin feshi, a sake gwajin bula, don akwai mantuwa, akwai kuma samarin da suka fara aiki.

Abu na ƙarshe ya fi duka nauyi. Mutane suna kallon gonarka. In ka koyar da safa da safe, da marece aka gan ka kana dama magani da hannu, darasinka ya mutu. Amfanin ilimi aiki da shi.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Me ya sa mutanen garin farko ba su sake hali ba, ko da yake sun ce sun gane?
2. Faɗi ƙofofi 3 da guba ke bi ta shiga jiki. Wacce ce babba wajen mai feshi?
3. Me ake bukata don gwajin bula?
4. Launin ja a takardar magani, me yake nufi?
5. Me ya sa ake kai kwalba tare da mara lafiya gidan likita?
6. A garinku, wane dattijo da wace dattijuwa za ku fara nema su taimake ku?

AIKIN SATI

Kowa ya duba gidansa, ya rubuta inda ake ajiye maganin ƙwari, da launin da ke jikin takardarsa. Kada a kawo maganin aji. A kawo abin da aka rubuta. Sannan aji ya tsai da rana da gona don gwajin bula, a gayyaci mai gari da malamin gona. In kun yi, ku rubuto wa jaridarku abin da kuka gani, don sauran garuruwa su amfana.

Lafiya uwar jiki. Rigakafi ya fi magani.